Shekarar da Ngo Ta Daina Hausa

Kakarku ba ta tsane ku ba. Da wannan zan fara, don na ji abin da ke Kachollom kika faɗa wa mijinki, wai tsohuwar ta juya muku baya ne saboda uwarku 'yar Angas ce, ba Birom ba. Kai kuma Pam kana gaya wa mutane ruɗewar tsufa ce ta kama ta. Ku duka biyu kun yi kuskure. Da hankalinta ta tafi, tana gane kowa, tana gane kazar maƙwabci idan ta shigo cikin nata. Ni ban iya doguwar magana ba, ban kuma taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan da nake rubuta muku a jikin bodin mota na koye su, da burushi, ina kwaikwayon abin da direbobi suka zana mini a ƙasa. Don haka ku karanta yadda ya zo.

Ngo muke ce mata, yadda muke kiran uwa a wajenmu. A Kuru aka haife ta, kuma tun ba ta isa aure ba take ɗaukar ƙasar kuza a kwanon sarki daga cikin rami zuwa wurin wanki. Gashin tsakiyar kanta bai sake tsirowa ba har ta mutu. A bakin ramin ta koyi Hausa, wajen leburorin da suka zo daga Kano da Katsina da Zazzau. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata, tsinta ta yi. A yarenmu babu shi, babu ita, mutum mutum ne. Haka ta ɗauko Hausar ta aza a kan yarenmu. Babu "ta" a bakinta, babu "ke". Idan ta ga uwarku sai ta ce, "Kai Laraba, ka dafa acca?" Idan tana neman akuyarta sai ta ce, "Akuyana ya tafi ina?" Rabin mutanen Jos haka suke magana har gobe, ana ciniki, ana aure, ana zagi, kowa na gane kowa. Da wannan Hausar ta yi muku tatsuniya kuna ƙanana, don ku ba ku iya Birom ba. Ni da uwarku Hausa ce ta haɗa mu, ita kuka tashi da ita.

Ina da ƙanwa, Garos, ba ku san ta ba. Ramukan da kamfani ya gama da su ruwa yake cika su, su yi kore, ba a ganin ƙasansu. Wata rana da hantsi Garos ta bi mu wajen aiki, ta ɓace wa Ngo. Takalminta ɗaya aka gani a bakin ruwa. Ina tsaye. Ngo ta jefar da kwanon, ta ruga wajen masu haƙa, kuma da yake Hausawa ne, da Hausa ta yi ihu.

"Yarinyana ya shiga ruwa, bai fito ba! Yarinyana ya shiga ruwa!"

Maza suka zubar da diga, suka faɗa ruwan da tufafinsu. Wani Bakatsine ne ya fito da ita, ba rai. Ya kwantar da ita, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar 'yarsa. Ba wanda ya tambayi Ngo namiji take nufi ko mace.

Da na yi ƙarfi na shigo gari, na zama yaron mai fenti a Farin Gada, inda manyan motoci ke sauke tumatir da kabeji. Zaki nake zanawa, da gaggafa, da jirgin sama, duk abin da direba yake so. Daga baya na fara sa musu baitoci na kaina a bayan mota, motar ta tafi da su har Onitsha. Masu lodi suka fara cewa in rera musu. Daga waƙa na koma wasan kwaikwayo: ranar Asabar da la'asar mu buɗe bayan wata mota, ya zama dandamali, mu rataya labulen da na zana, 'yan kasuwa su yi wasa, 'yan kasuwa su kalla. Ban taɓa rubuta wasa a takarda ba, a ka nake riƙewa, in zuba wa kowa nasa a kunne. Na samu shago a kasuwar Terminus, ina rubuta allunan shaguna, hotunan da na zana don kaina kuma suna jingine a bango. Ban yi arziki ba, amma kuna cin abinci sau uku, kuna zuwa makaranta da takalmi.

Sai rikici ya zo, garin ya tsage. Mutumin da kuka ci tuwo a kwano ɗaya ya koma ba ya bin layinku. Kafin mu farfaɗo kasuwa ta ƙone. Na je da safe na tsaya inda shagona yake. Gwangwanayen fenti sun fashe, launi ya narke ya haɗu a ƙasa ya zama baƙi. Duk abin da na zana tun ina saurayi yana cikin wannan tokar. Na dawo gida da burushi ɗaya, wanda na manta a aljihu.

A wannan shekarar Gyang ya zo. Ɗan ƙanen babana ne, ya yi boko mai zurfi, yana sa kwat ko da rana ta take. An sa shi cikin wani kwamiti na sasanta mutane, za su yi babban taro, manya za su zo. Ya zauna a kujerarmu ɗaya mai kyau, ya ƙi shan ruwa.

"Yaya Dung, Allah ya kawo lokacinka," in ji shi. "Muna neman wasa daga hannun ɗan asalin ƙasa. Indijin na gaske. Mawaƙi, mai zane, duk kai ne. Idan ya yi kyau, akwai aiki na dindindin. Ka daina bin gindin mota."

Na ce masa ina da wasa. Tun kafin gobara nake dafa shi a kaina: labarin Ngo da Garos da Bakatsinen nan. Idan sasanci suke nema, ban san labarin da ya fi shi ba. Na samu tsohuwar tamfol na zana Ngo a kai, da kwanon sarki, ruwan nan kore a bayanta. Wadda za ta fito a matsayin Ngo kuma Hajara ce, mai tumatir a Farin Gada, Bahaushiya, kakanta ma kuza ce ta kawo shi. Ta san Ngo shekara da shekaru, tana sayen kabeji a hannunta. A lokacin ba ƙaramin abu ba ne mace Musulma ta tsallako ta yi wasa da mu. 'Yan'uwanta sun yi mata surutu, ta ce su sha ruwa. Ta ɗauki muryar Ngo tsaf, ba ƙari, ba ragi. Ran da ta fara yin ihun nan a wajen gwaji, masu lodi suka ajiye buhu suka yi tsit.

Sai 'yan kwamitin suka ce a gwada a gabansu. Wani ɗaki ne mai fanka, suna zaune a jere da ruwan roba a gabansu. Wasa ya tafi daidai har Hajara ta jefar da kwano ta yi ihun. Wani daga baya ya tuntsire da dariya. Wani ya taya shi. Hajara ta tsaya da hannu a sama, ta dube ni.

Da aka gama, wani Alhaji a cikinsu ya kira ni gefe. Mutum ne mai sanyin magana, ban ce mugu ba ne.

"Malam Dung, wasa ya yi. Har na ji ƙwalla. Amma Hausar tsohuwar nan a gyara ta. Yarinyata ta shiga ruwa, ba ta fito ba. Haka ake cewa. Baƙi za su zo daga nesa, kada su ce a Jos mun kashe harshe."

Na ce, "Alhaji, ba haka ta faɗa ba."

"Na sani. Amma wasa ne."

"A wajenka."

Gyang ya fi shi zafi. Ya ja ni waje, ya koma yarenmu don kada su ji.

"Ka ga abin da ka jawo? Dariya suke mana. Shekara nawa suna ce mana ƙauyawa, kai kuma ka ɗauko uwarmu ka ɗora a dandamali tana gwaranci. Ko ka sa ta yi Hausa mai kyau, ko ta yi Birom."

"Da Birom za ta kira Bakatsine ya shiga ruwa?"

"To ta yi mai kyau!"

"Ba ta da mai kyau, Gyang. Wannan take da ita. Da ita aka ciro Garos."

Ya ce in je in yi tunani. Na ce na gama.

A gida uwarku ta ji labari kafin in iso. Kuna tsakar gida kuna cin gwaten da ba mai a ciki. Ba ta ɗaga murya ba, Laraba ba ta ɗaga murya sai abu ya wuce gyara.

"Baban Pam, ya da ta. Shi ke nan fa abin da ake faɗa a kai? Ka buɗe baki ka ce ta, yaran nan su koma makaranta."

"Idan na canza, ba Ngo ba ce."

"Ngo tana Kuru da ranta, tana cin accarta. Wannan tamfol ce. Mu ne a gabanka."

Tana da gaskiyarta, ban taɓa cewa ba ta da ita ba. Amma ni na tsaya a bakin ruwan nan, ita ba ta tsaya ba. Wuta ta cinye mini komai, abin da ya rage mini wanda ba a taɓa ba shi ne wannan ihun yadda ya fito. Kuma shi suke so in miƙa a goge a dawo mini da shi.

Da Gyang ya ga ban motsa ba, sai ya yi abin da ban zata ba. Ya shiga motarsa ya tafi Kuru. Ya zauna da Ngo a gindin shingen ƙerana, ya gaya mata ɗanta zai mai da ita abin dariya a gaban manya. Ta tambaye shi dariyar me. Shi ne ya zauna ya warware mata, dalla-dalla, kamar malami: cewa Hausawa suna da magana ta maza da ta mata, cewa ita tun tana yarinya take kiran mata da ta maza, cewa duk wanda ya iya harshen yana ji. Shi a ganinsa taimako ya yi, don ta sa ni in gyara. Ku riƙe wannan da kyau: har ranar, Ngo ba ta san akwai wani abu a Hausarta ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Mace ce mai alfahari da bakinta, ita ke yi wa matan ƙauyenmu tafinta a asibiti da kasuwa.

Washegari da rana muna gwaji a bayan wata mota a Farin Gada, sai ga ta. Ta sa zanen zuwa coci. Ba ta gaishe ni ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon fuskarta a jikin tamfol, sannan ta juya wajen Hajara.

"Kai Hajara, faɗa abin da na faɗa."

Hajara ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta faɗa, a hankali, ba da ihu ba.

"To faɗa irin na gidanku."

"Haba Ngo, ai duk ɗaya ne."

"Faɗa."

Hajara ta sunkuyar da kai ta ce, "Yarinyata ta shiga ruwa, ba ta fito ba."

Ngo ta saurara kamar mai sauraron ƙarar mota daga nesa. Ta motsa leɓe tana gwadawa, ba sauti. Daga nan ta juyo gare ni da yarenmu, kuma a yarenmu Ngo ba ta da na biyu, kowace kalma tana zama inda ta ajiye ta.

"Dung, gaskiya Gyang ya faɗa?"

Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ban kuma fara ranar ba. Na ce gaskiya ne.

"Mutanen da suka shiga ruwa, sun ji?"

"Sun ji. Ba wanda ya yi dariya, Ngo. Ina wurin."

"Ranar ke nan. Sauran ranakun fa?"

Na juya ina kallon tamfol.

"Akwai matan da ke tsayar da ni a kasuwa," in ji ta. "Su ce, Ngo, sake faɗa, sake faɗa. Su kira 'yan'uwansu su zo su ji. Na ɗauka hirata suke so. Har kabeji nake ƙara musu."

Hajara ba ta jin Birom, amma ta gane. Ta kama hannunta tana cewa, "Wallahi Ngo ni ban taɓa ba, wallahi." Ngo ta shafa kan Hajara. Ta gyara ɗaurin zane, ta ce mini:

"Ka ba su abin da suke so, yara su ci abinci. Ko ka gyara matar nan, ko ka cire ni. Amma kada ka sake tsayar da ni a gaban mutane da wannan bakin."

Ta tafi tasha. Na bi ta, ta ce in koma.

Hanya biyu ta ba ni. Ba zan sa ta a dandamali ba bayan ta hana, uwata ce. Ba kuma zan sa wata mace mai Hausar rediyo ta tsaya a gaban fuskarta ta ce ita ce ba. Sai na cire ta. Na kwance tamfol, na naɗe, na aika wa Gyang cewa babu wasa. Amma wasan da ba a takarda yake ba, ba a kulle shi a akwati. Yana kan 'yan wasa, kuma su ma yunwa suke ji, ban riƙe su a zuciya ba. Kwamitin ya tara su, aka samo wata ɗaliba ta maye gurbin Hajara, don ita ta ce ko za a yanka ta ba za ta yi ba. Aka sa wani ya zana sabon labule, da wata kyakkyawar mata mai cikakken gashi. Aka yi wasa da gyararriyar Hausa. An ce manya sun tafa, wasu sun share hawaye. An kira sunana a lasifika, wai fasihin 'yan asalin ƙasa. Ina Farin Gada a lokacin, ina zana zaki a ƙofar wata mota. Aikin dindindin wani aka ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, a jikinku ya faru. Muka koma ɗaki ɗaya. Tamfol ɗin da ita muka toshe rufi da damina, ruwa ya wanke fuskar a hankali. Uwarku ta koma soya dankali a bakin titi, hayaƙi ya ci idonta. Kai Pam ka zauna a gida har 'yan ajinku suka wuce ka. Laraba ba ta bar ni ba, amma ba ta sake tambayata me nake zanawa ba har ta rasu. Yanzu ɗalibai suna zuwa da waya suna ɗaukar muryata, suna ce mini Baba, suna so in rera musu waƙar gargajiya. Idan na rera da Hausa sai su ce, babu ta yare? Idan na ce musu a Farin Gada na yi waƙoƙina, da harshen Farin Gada, sai su kashe wayar cikin ladabi. Ban nemi ku ce na yi daidai ba. Da za a sake, haka zan sake yi.

Ngo kuwa, daga ranar ta rufe bakinta da Hausa. Ta daina zuwa kasuwar gari, ta ba wata yarinya kabejinta tana kai mata. Matan ƙauye suka zo ta raka su asibiti, ta ce su nemi 'yan makaranta. Idan na kai ku Kuru kuka ruga kuna "Kaka, Kaka, tatsuniya," sai ta amsa da Birom, ku tsaya kuna kallonta, ku gaji ku tafi wasa. Ta kan bi ku da ido har ku ɓace. Ta ce in koya muku yarenmu. Na gwada, kuka yi dariya, ni ma ina fita tun asuba neman abin da za ku ci, abin ya tsaya a gaisuwa. Ta dafa muku acca, ta cire muku ƙaya a ƙafa, ta ɗaure muku gyaɗa a leda. Magana ce kawai babu. Ku yara ne, kuka ɗauka ƙi ne.

Zuwanmu na ƙarshe tare, ke Kachollom za ki tafi wajen ƙanwar uwarki a Bauchi, don mun kasa riƙe ku duka. Da safe na samu Ngo a bayan ɗaki tana sheƙar acca, leɓenta na motsi. Ta kira ni da hannu, ta yi ƙasa da murya, da yarenmu.

"Idan yarinya za ta yi tafiya, yaya ake ce mata? Irin nasu."

Na faɗa mata. Ta maimaita. Ta kuskure, ta sake. Ta ce in tafi, kada in tsaya mata a kai. Har rana ta ɗaga ina jin ta daga nesa tana nanatawa, ita da faifai. Da mota ta zo ta raka mu bakin hanya, ta riƙe kafaɗarki, ta tsaya ƙyam kamar mai ba da shaida a kotu.

"Ki sauka lafiya. Allah ya tsare ki."

Babu kuskure ko ɗaya. Babu Ngo kuma a ciki, kamar wata ce ta ari bakinta. Ke hankalinki na kan kujerar taga, kika ce "Amin, Kaka," kika shige. Ta juyo gare ni.

"Na faɗa daidai?"

"Daidai, Ngo."

"To ka gaya wa Gyang."

Ba ta ga girbin acca na gaba ba. A wajen jana'iza Gyang ya yi jawabi mai tsawo da Turanci. Da aka rufe kabari na tare shi, na isar da saƙon yadda ta ba ni. Ya dube ni, ya gyara kwat, ya ce wace magana ke nan. Ya manta.